Wata, tafki da jirgin ƙasa: yadda aka gano ainihin kuzarin ayarin LEP

Nauyin ƙwayar Z, wata ƙwaya mai nauyi da ke bayyana idan aka haɗa ilektron da kishiyarsa karo, kamar yadda rahoton ƙarshe na gwaje-gwajen LEP, injin da ke haɗa wannan karo, ya tsayar a 2006, GeV 91.1875 ne (GeV ma'aunin kuzari ne, da shi kuma ake faɗar nauyin irin waɗannan ƙwayoyi), da kuskuren da aka ƙiyasta 0.0021 ko sama ko ƙasa. Kashi biyu ke nan da 'yar ɗoriya cikin dubu ɗari. Wanda ya duba yadda aka kasa wannan ɗan kuskure zai ga ba daga manyan na'urorin da ke kama ƙwayoyin ya fi fitowa ba, ba kuma daga ƙarancin ƙwayoyin ba, domin an tara Z wajen miliyan 17 tsakanin 1989 da 1995. Kaso mafi tsoka, wajen MeV 1.7 (MeV dubu ne ke yin GeV ɗaya), ya fito ne daga tambayar da kowa zai ɗauka masu injin sun san amsarta tun ranar da suka kunna shi: da wane kuzari ayarin ilektron ke gudu a cikin bututu? Sai da aka shafe kusan shekara goma kafin a rufe littafin wannan tambaya.

Injin da abin da ake nema

LEP zobe ne mai kewayen kilomita 26.7 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da Jeniba, mallakar cibiyar CERN. Raminsa ne injin LHC ya gada daga baya. An fara zuba masa ayari a Yulin 1989, aka rufe shi a Nuwamban 2000. Ilektron na zagawa ta wannan hannu, fositron, kishiyar ilektron, ta wancan, su yi karo a wurare huɗu inda aka girke manyan na'urorin gwaji, ALEPH, DELPHI, L3 da OPAL.

Yadda ake auna nauyin Z ba shi da wuyar fahimta. A saita kuzarin karo, wato jimillar kuzarin ayarin biyu, ƙasa da GeV 91 kaɗan a ƙirga Z nawa aka samu, a ɗaga shi a sake ƙirgawa. Yawan yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya gangaro. Inda ƙololuwar ta tsaya nan ne nauyin, faɗin tudun kuma shi ke nuna hanyoyi nawa Z take da su na tarwatsewa, wanda daga nan aka tabbatar nau'in nutrino marasa nauyi sosai uku ne. A 1993 da 1995 an yi ta kai-komo tsakanin matakai uku, wajen GeV 89.4 da 91.2 da 93.0. Duk gocewar da aka yi wajen sanin waɗannan matakai kai tsaye za ta zauna cikin amsar. Idan ma'aunin kuzari ya goce da MeV 5, nauyin Z ya goce da MeV 5, ko da biliyan aka tara.

A bisa takarda, kuzarin ayari yana bin ƙarfin maganaɗisun da ke lanƙwasa shi ya bi da'ira. San ƙarfin maganaɗisu, ka san kuzari. To amma masu lanƙwasawar nan sun haura 3,000, kuma ba irin waɗanda aka saba ba ne. Da yake zoben yana da faɗi, ƙarfin da ake bukata kaɗan ne, wajen tesla 0.05 a GeV 45, sai aka yi su da siraran fallayen ƙarfe aka cike tsakaninsu da siminti don a rage kuɗi. Kuɗin kam ya ragu. Sai dai siminti yana tsufa, yana shan danshi, yana motsi da zafi, kuma duk motsinsa yana matsar ƙarfen ya taɓa halinsa. Don a sa ido, an ajiye maganaɗisu guda na gwaji a saman ƙasa, an jona shi layi ɗaya da na cikin rami ta yadda wutar da ta bi su ita ke bin sa, ana auna ƙarfinsa ba dare ba rana. Akwai kuma waya da aka zagaya cikin maganaɗisun ramin ana auna jimillar ƙarfinsu lokaci zuwa lokaci. Har furoton aka zuba a GeV 20 don a kwatanta gudunsu da na fositron. Da duk wannan wahala, kuskuren da kuzarin injin ya jefa cikin nauyin Z a bayanan 1990 wajen MeV 20 ne, ninki goma na inda aka ƙare.

Ma'aunin da ilektron ke ɗauke da shi

Mafita ta zo ne daga wata dabara da masanan Novosibirsk a Saberiya suka fara aiki da ita a shekarun 1970. Kowane ilektron yana da wata sifa da ake kira juyi, wadda ke ba shi fuska, ko sama ko ƙasa ko a karkace. Wanda ya taɓa murza katantanwa ya san tana cikin juyawa kanta kan riƙa wani lilo yana zana da'ira. Haka juyin ilektron ke yi idan ya shiga ƙarfin maganaɗisu. Abin da ya mayar da wannan lilo ma'auni shi ne adadinsa a kowane zagaye kuzari kaɗai yake bi. Raba kuzarin ilektron da MeV 440.65, abin da ya fito shi ne sau nawa juyin zai yi lilo kafin ilektron ya gama zagaye ɗaya. A GeV 45.6, rabin nauyin Z, sau 103 da rabi ne. Ita lambar 440.65 ba ruwanta da siminti ko ƙarfe. Daga nauyin ilektron da halinsa na maganaɗisu aka samo ta, kuma dukansu suna cikin abubuwan da kimiyya ta auna da kyau fiye da kusan komai.

Kafin a ga lilon, dole juyin ilektron masu yawa ya fuskanci waje ɗaya. A nan an yi dace. Tun farkon shekarun 1960 masana biyu na Tarayyar Sobiyet, Sokolov da Ternov, suka nuna cewa hasken da ilektron ke zubarwa yayin da ake lanƙwasa shi yana sa juyin ya riƙa jeruwa a tsaye da kansa, sannu a hankali, har ya kai kashi 92 cikin ɗari a zoben da ba shi da aibi. A LEP jeruwar tana cin wajen awa biyar a GeV 45, kuma ɗan karkacewar maganaɗisu kaɗan ta isa ta rushe ta. An fara ganinta a 1990. Bayan an ƙware wajen daidaita hanyar ayari, a 1993 an kai kashi 57. Don awo dai kashi 10 ma ya wadatar.

Ana ganin jeruwar ne da hasken leza. A harba shi ya yi gaba da gaba da ayarin, wasu ƙwayoyin hasken su dawo da baya da ƙarfin gaske su faɗa kan wani ma'auni da ke nesa, sama da mita 200. Idan juyin ya jeru, tabon da suke yi yana ɗan matsawa sama ko ƙasa duk lokacin da aka sauya hannun murɗin hasken. Matsawar ba ta kai milimita ba, amma ana ganinta.

Daga nan sai a kunna wani ƙaramin maganaɗisu mai kaɗawa, a riƙa jan saurin kaɗawarsa a hankali. Muddin bai yi daidai da lilon ba, tunkuɗar da yake wa juyin a wannan zagaye da ta zagayen gaba suna cinye juna, ba abin da ke faruwa. Da zarar ya faɗa daidai, tunkuɗar ta riƙa taruwa zagaye bayan zagaye, jeruwar ta rushe, wani lokaci ma ta kife, masu kallon leza su gani nan take. Ayari na zaga LEP sau 11,245 a daƙiƙa. Idan aka gane wurin rushewar da kuskuren bugu biyar ko shida a daƙiƙa, an san kuzari da kuskuren MeV 0.2 cikin 45,600. Akwai tarkuna biyu da sai an kauce musu. Awon yana ba da ɓarin da ke bayan cikakkiyar lambar lilon ne kawai, kuma ba ya bambance 0.48 da 0.52, don haka sai a ɗan motsa kuzari da gangan a ga ina wurin rushewar ya nufa. Sannan akwai wuraren rushewa na bogi a gefe da gefe, waɗanda rawar kuzarin ilektron a cikin curi, wato dunƙulen da suke tafiya a cikinsa, ke haifarwa, su ma sai an gwada an fitar da su.

An yi awon farko da wannan hanya a LEP a 1991. Ma'auni ne da ya fi na da kyau ninki ɗari, amma yana da sharuɗɗa masu nauyi, kuma duk abin da ya biyo baya daga sharuɗɗan nan ya taso. Jeruwar ba ta jure karo, don haka ba a yin awon lokacin da gwaje-gwaje ke ɗaukar bayanai. Sai an gama zubi, wato awanni da yawa na karo da ayari ɗaya, a raba ayarin biyu, a jira juyi ya jeru, sannan a auna. Kowane awo yana cin awannin da masu gwaji ke so don tara Z, saboda haka ba kowane zubi ake aunawa ba. Abin da ake samu shi ne kuzarin ayari a ƙarshen wasu zubi. Abin da ake bukata shi ne kuzarinsa a kowace awa ta kowane zubi. Tsakanin biyun sai lissafi.

Wata

Tun a 1991 aka lura awon bai tsaya wuri ɗaya ba. Maganaɗisu na nan yadda aka saita su, amma kuzari ya bambanta da MeV da dama daga awo zuwa awo, alhali ma'aunin ya fi ƙarfin irin wannan kuskure nesa ba kusa ba. Gerhard Fischer, masani daga cibiyar SLAC ta Amurka, yana cikin waɗanda suka fara nuna yatsa ga wata.

Jan wata da rana ba teku kaɗai yake ɗagawa ba, har da sandararriyar ƙasa. A yankin Jeniba ƙasa kan tashi ta sauka da wajen santimita 25 idan wata ya cika ko yana sabo, lokacin da jan nasa da na rana suka haɗu. Da ƙasa ta kumbura sai ta miƙe, kewayen ramin LEP ya ƙaru da wajen milimita ɗaya. Milimita ɗaya cikin kilomita 26.7 kashi huɗu ne cikin miliyan ɗari, abin da mai hankali zai ce a manta da shi.

Ga dalilin da ya sa ba a manta ba. Ilektron mai irin wannan kuzari gudunsa gudun haske ne, ƙarin kuzari ba ya ƙara masa sauri. Lokacin da zai ɗauka ya gama zagaye kuma akwatunan da ke ba shi kuzari da igiyar rediyo ne suka ƙayyade, masu bugu miliyan 352 a daƙiƙa, kuma dole ya iso kan bugu. Gudu ba ya canzawa, lokaci ba ya canzawa, ke nan tsawon hanyar ayari a kulle yake. Idan zobe ya buɗe, maganaɗisu ne suka matsa waje, ayari bai bi su ba. Sai ya riƙa ratsa maganaɗisun da ke matse shi ta gefen ciki maimakon tsakiya, jimillar lanƙwasar da yake samu ta canza, kuzarinsa ya sauka don ya dace da sabuwar hanyar. Tsarin LEP yana ninka irin wannan canji wajen sau 5,000. Kashi huɗu cikin miliyan ɗari ya zama kashi biyu cikin dubu goma, wato kusan MeV 10.

Ranar 11 ga Nuwamban 1992, kwana ɗaya bayan cikar wata, aka ware injin ana maimaita awo kusan yini da kwana. Kuzari ya sauka ya hau, ya sake sauka ya hau, yana bin layin da masana ƙasa suka lissafa tun kafin a fara. Labarin ya shiga jaridun duniya, kuma har yau shi aka fi tunawa.

A ganina kuwa wata shi ne mafi sauƙin abokan gabar. Ana iya lissafa inda zai kasance shekaru masu zuwa, tasirinsa kuma yana kai yana komowa, abin da ya ƙara da safe ya rage da rana, ta yadda cikin watanni yawancinsa yana cinye kansa. Da aka gane shi, layi ɗaya aka ƙara a lissafi aka wuce.

Tafki

Amfanin binciken watan da ya fi daɗewa shi ne ya koya wa masu injin su yi wa ma'aunan matsayi wani sabon kallo. LEP na da su wajen 500 a jikin bututu, kowanne da 'yan maɓallan ƙarfe huɗu da ke jin wucewar curin ilektron. Maɓallin da ayari ya fi kusa da shi ya fi jin sa, daga bambancin ake sanin inda ya bi. An sa su ne don tuƙa ayari. Amma idan zobe ya buɗe ayari ya koma gefen ciki, dukansu za su ga hakan tare, kuma matsakaicin awon ɗaruruwa ya fi na guda ɗaya kaifi sosai. Ga shi suna aiki kowane lokaci, har ana tsakiyar karo.

Da aka cire tasirin wata daga bayanansu, sai aka ga wani motsi a hankali da ke ɗaukar makonni da watanni, wanda kan kai milimita biyu a kewayen zoben cikin shekara. Ya bi ruwan sama mai yawa da ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa a gindin duwatsun Jura, ya kuma bi cikar tafkin Jeniba, wanda ake rage ruwansa kafin narkewar ƙanƙara sannan ya sake cika. Nauyin ruwan yana danna ƙasa ya lanƙwasa ta. Wannan ba a iya hasashensa kamar wata, amma ba a bukatar hasashe tunda ma'aunan matsayi suna ganin sa kai tsaye.

Jirgin ƙasa

Zuwa 1994 an ɗauka an gama. An buga sakamakon awon 1993, kuskure ya sauko ƙwarai. Lissafin ya tanadi wata, ya tanadi motsin ƙasa, ya tanadi zafin maganaɗisu, ya tanadi cewa kuzari ba ɗaya ba ne a ko'ina cikin zoben, tunda ilektron na zubar da wajen MeV 125 a kowane zagaye ta hanyar haske, ana mayar masa a kusa da L3 da OPAL. Game da ƙarfin masu lanƙwasawa a tsawon zubi, an dogara ga maganaɗisun gwajin nan na sama, shi kuma bai nuna wani abin damuwa ba.

A 1995 aka saka ma'aunan NMR guda biyu, masu auna ƙarfin maganaɗisu da matuƙar kaifi, a cikin maganaɗisu biyu na cikin ramin kansa. Abin da suka nuna ya tayar da hankali. Ƙarfin yana rawa, yana tsalle-tsalle, kuma bayan tsallen ba ya komawa inda yake, yana ɗan hawa. Cikin zubi ɗaya hawan kan kai abin da ya yi daidai da MeV da dama. Maganaɗisun sama bai ga ko ɗaya ba. Sannan rawar tana da lokaci: daga tsakar dare zuwa wajen asuba komai lafiya lau, gari na wayewa ta dawo. Wata ba ya barci da tsakar dare, tafki ma haka. Wannan aikin mutane ne.

An bi na'urorin CERN ɗaya bayan ɗaya ba a sami mai laifi ba. Daga wajen cibiyar amsar ta zo, daga bakin injiniyan wani kamfanin lantarki na Suwizalan, wanda a sana'arsu wutar da ke yawo cikin ƙasa tana cin bututu ba baƙon abu ba ne. Layin dogon da ya tashi daga Jeniba zuwa Bellegarde a Faransa, wanda jiragen TGV masu gudun gaske ke bi, a lokacin da wutar DC mai bolt 1,500 yake aiki. Jirgi na jan wuta daga wayar sama, ta koma tasha ta ƙarafan dogo. Amma ƙarafan a kan ƙasa suke, wani kaso na wutar sai ya zurare ya nemi hanyar da ta fi masa sauƙi. A ƙarƙashin yankin kuwa ga bututun alminiyam mai tsawon kilomita 27 a kwance. Wutar kan shiga ta wajen garin Meyrin, ta rabu biyu ta bi zoben hagu da dama, ta fita ta wajen kogin Versoix. Ba ta da yawa, wajen amfiya ɗaya ce, idan aka kwatanta da wajen 2,000 da ke kunna maganaɗisun. Sai dai bututun ta tsakiyar bakin kowane maganaɗisu ya ratsa.

A Nuwamban 1995 aka auna abu uku a lokaci ɗaya: wutar da ke kan ƙarafan dogo, wadda ke kan bututun LEP, da ƙarfin maganaɗisu a ma'aunin NMR. Jirgi ya tashi daga Jeniba, layukan uku suka yi tsalle tare, siffa ɗaya.

Saura bayanin hawan. Da rawa ce kawai, sama da ƙasa, da ta cinye kanta kamar ta wata. Abin da ya hana shi ne ƙarfe yana riƙe tarihin abin da aka yi masa. A farkon kowane zubi ana ɗaga wutar maganaɗisu daga ƙasa zuwa matakin aiki a tsaya. Ƙarfen da aka kawo ta hanyar hawa, idan aka ɗan tunkuɗa shi sama aka saki, ba ya dawowa daidai inda yake, yana tsayawa sama kaɗan. Idan ƙasa aka tunkuɗa shi, yana dawowa kusan wurinsa. Don haka kowane jirgi, ko ta wane hannu wutarsa ta bi, yana barin ɗan ƙari, mai yawa a farkon zubi, yana raguwa daga baya.

A nan haɗarin yake. Awon juyi bai taɓa yin ƙarya ba, daidai yake faɗar kuzarin ayari a lokacin da aka tambaye shi. Amma kusan kullum a ƙarshen zubi ake tambayarsa, bayan jirage sun gama ɗaga ƙarfin maganaɗisu, sannan a ɗauki wannan adadi a shimfiɗa shi baya kan awannin da aka yi ana karo da kuzarin da bai kai haka ba. Kuskuren hannu ɗaya yake bi kullum, maimaita awo sau ɗari ba zai rage shi ba. Maganaɗisun gwajin da aka ɗora wa amana kuma ba shi da bututun zoben a bakinsa, don haka ba yadda za a yi ya sani. Injin kansa bai taɓa nuna alamar ciwo ba, yana ta ba da Z yadda ake so. A kwatanta da Yunin 1996, lokacin da ayari ya ƙi zagawa sam, aka bi sawu da ma'aunan matsayi har inda yake ɓacewa, aka buɗe bututu aka tarar da kwalaben giya biyu da wani ya cusa. Wannan ta ci 'yan kwanaki, kuma ba wanda zai iya kau da kai daga gare ta. Ta jirgin ƙasa ta yi shekaru tana cikin bayanai.

Gyaran ya zo ta fuska uku. An ƙara ma'aunan NMR a sassa daban-daban na ramin, aka kuma riƙa auna wutar da ke kan bututu. An fara yin wasu awon juyi a farkon zubi, wasu a tsawonsa, don a ga hawan da ma'aunin da ba a shakkarsa. Sannan aka ɓullo da dabarar riga jirage: kafin a fara karo sai a kaɗa wutar maganaɗisu da gangan, ƙarfen ya yi yawancin hawansa tun kafin a fara ƙirga Z.

Mafi wuya shi ne komawa baya. A 1993 da 1994 babu ma'aunin NMR a rami, kuma ba a mayar da lokaci. Kwamitin da ke kula da kuzarin LEP sai ya gina lissafin hawan daga abin da aka gani a 1995, gwargwadon lokacin yini da kuma awannin da zubi ya yi, ya ɗora shi kan shekarun baya. Dole kuma a raba hawan jirgi da na zafi, tunda maganaɗisu na ɗumama a tsawon zubi, su biyun tare suke tafiya. Adadin 1993 da aka riga aka buga sai da aka janye shi aka maye gurbinsa. Nauyin Z da aka sanar a 1995 GeV 91.1884 ne. A 1996, da wannan gyara da sababbin bayanai, ya koma 91.1863, matsawar da ta kai girman kuskuren da ake iƙirari gaba ɗaya. Wani yanki na MeV 1.7 ɗin da ya rage har ƙarshe kuɗin waɗannan shekaru ne da aka yi ba mai kallon cikin rami.

Bayan Z

Daga 1996 aka ɗaga LEP don samar da ƙwayoyin W, 'yan'uwan Z, bibbiyu, har ayari ya kai GeV 104.5 a 2000. A can awon juyi ba ya yiwuwa, domin da an wuce wajen GeV 60 bambancin kuzari tsakanin ilektron na cikin curi ɗaya yana yin yawa, jeruwar ba ta samuwa. Sai a yi awon juyi a ƙasa, tsakanin wajen 41 da 61, a daidaita ma'aunan NMR da shi, a miƙa layin zuwa sama. Wanda jirgin ƙasa ya taɓa yi wa haka ba zai sake yarda da shaida ɗaya ba, don haka aka nemi wasu hanyoyi masu zaman kansu. Ɗaya ita ce wayar nan da ke zagaye cikin maganaɗisu. Ɗaya ita ce saurin rawar kuzarin curi, wanda ke bin yawan hasken da ake zubarwa. A 1999 kuma aka girka maganaɗisun ƙarfe zalla da aka auna ƙarfinsa ciki da bai, da ma'aunan matsayi uku gabansa uku bayansa, masu gane motsin kashi ɗaya cikin dubu na milimita, don a auna kwanar da ayari ke sha kai tsaye. Suka yi daidai da juna, aka tsaya a kuskuren wajen MeV 10 kan kuzarin ayari.

Layin dogon Jeniba zuwa Bellegarde an mayar da shi wutar AC mai bolt 25,000 a 2014. LHC da ke cikin ramin yanzu yana jin wata kamar yadda LEP ya ji, sai dai na'ura ce ke gyara bugun rediyo da kanta don ayari ya zauna a tsakiya. Injin da CERN ke nazarin ginawa nan gaba, FCC-ee, mai kewayen wajen kilomita 91, wanda aka fitar da rahoton yiwuwarsa a 2025, yana son ya sake auna nauyin Z da kuskuren da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na MeV ba, a zoben da miƙewar ƙasa za ta fi taɓa kuzarinsa fiye da LEP. A tsarinsa an ware wasu curi na ilektron da na fositron da ba za su yi karo da kowa ba. Za su riƙa zagawa tare da sauran, juyinsu a jere, ana rushe na ɗaya bayan ɗaya sau da yawa a kowace awa, tun daga farkon aiki har ƙarshensa, ana tsakiyar ɗaukar bayanai.